Numfashin Juji

Ni ne Zabeiru, mai jaki da amalanke.
Shekara goma sha tara ina kwashe abin da Damagaram ta ƙi,
daga lungunan Birni, inda ƙafar amalanke ke gogar bango,
har bayan Kasuwar Dole.
Dala ashirin kowane gida,
wani gidan kuma sai "Allah ya biya."

Na san garin nan ta ƙeyarsa.
Ƙashin rago ya gaya mini inda aka yi suna,
ƙarancin ɓawon albasa, inda albashi ya makara,
kwalaben magani, inda ake ɓoye ciwo.
Juji ba ya ƙarya. Ni kuma ba na tsegumi.

Bara akuyata ta rame, ga ciki tim.
Muka yanka kafin ta riga mu.
Mahauci ya sa hannu ya zaro baƙar leda,
ya zaro, ya zaro,
kamar mai warware rawani.

Da damina ledar ta toshe lambatu,
ruwan da muke saye da tsada duk shekara
ya shigo kyauta, ya ci katangu uku a layinmu.
Da rani mu cinna wa tsibin ashana,
hayaƙi ya kwana a ƙirjin yara.
Iyakar wutar da na san juji na bayarwa ke nan.

Sai Barira, ɗiyar ƙanena, ta zo hutu daga jami'a,
tiyo a jaka, magana a baki.
"Baba, ka san juji yana numfashi?"
Na ce, "Ni za ki faɗa wa? Tambayi hancina."
Ta ce, "To numfashin nan ake kamawa."

Ganguna biyu muka samo.
Muka ɗura musu abin da kwata ta zubar,
ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon kabewa, kashin shanu,
ƙasarin geron maƙwabta.
Ta liƙe baki ruf.
Kwana ashirin da uku, shiru.
Masu shayi suka ce Zabeiru ya tsufa,
ya koma jiƙa wa shara fura.

Daren Talata ta murɗa kan tiyo, ta ƙyasta.
Wani harshe shuɗi ya miƙe,
siriri, ba hayaƙi, ba hayaniya.
Mutari mai gyaran kabu-kabu ya kawo tsohon injinsa,
suka yi ta kwance-kwance har bayan isha'i.
Injin ya yi tari uku, ya tofar, ya kama.

Ƙwan fitila ɗaya, rataye a reshen dogon yaro.
Minti arba'in ya yi.
Cikinsu matata Cima ta zura zare a allura
ba ta kira jika ba,
jakina Goho ya ga inuwarsa, ya ja da baya.
Sannan duhu ya dawo wurinsa,
amma ya tarar mun riga mun gani.

Yanzu na raba amalanke biyu da katako:
mai ruɓewa dama, leda da gwangwani hagu.
Ina roƙon gidaje su ware mini tun daga tsakar gida.
Bakwai sun yarda.
Wata ta ce, "Sharar ma sai an yi mata ɗaki da falo?"

Barira ta cika takardu da lissafin gari duka:
tan nawa a yini, rami nawa, unguwa nawa za ta haska.
Ta kai ofishin magajin gari,
aka buga hatimi, aka ce ta dawo.

Ban san ko zan ga ranar ba.
Amma in na sauke kayan ƙarshe da magariba,
nakan hau dutse in dubi unguwannin da ba fitila,
in juya in dubi tsibin da na tara da hannuna
shekara goma sha tara,
yana kwance, yana huci,
ba wanda ya ɗaura masa linzami.