Littafin Ma'aji

Matakala ɗari uku da goma sha ɗaya
ke tsakanin titin mota da ƙofata a tudun Komas.
Da gwiwa na ƙirga su, ba da baki ba.
Ni ce ma'ajin reshen jam'iyya a nan sama,
ba don na iya lissafi ba,
sai don shekara talatin ina ɗinki
ƙyallen kowa bai taɓa ɓata a hannuna ba.

Ran Asabar muka soya kaji.
Arba'in da biyu, bashi daga wurin Teodosia,
kowace a raba huɗu,
kowane kashi sol goma sha biyar, da dankali da yaji.
Hazon Lima ya sauko ya zauna mana a kafaɗa.
Mai na tafasa, Nelida na yagar tikiti,
Wilber na fama da lasifika mai tari
yana kiran sunan ɗan takararmu,
mutumin da ya san mu
irin sanin da mai jirgi ya yi wa yashin gaɓa.

Don Fausto, da ya shafe bangonsa da launin 'yan hamayya,
ya zo da kwanonsa ya sayi biyu.
Ya ce, "Ƙuri'ata ba taku ba ce,
amma ciki bai yanki katin kowa ba."
Na rubuta: Fausto, talatin.
Kowa sai na rubuta shi.
Direban tankar ruwa, sha biyar.
Matar marigayi Ccori, bakwai, da alkawarin cikon takwas.

Da yamma sai ga wani mai takalmi kamar madubi.
Bai ko kalli kaza ba.
Ambulan ya ajiye kusa da kwanon yaji,
mai kaurin bulo.
Na ce, "Wane suna zan sa?"
Ya ce, "Sa masoyi."
Na ce, "Masoyi ɗan wa?"
Ya yi murmushi, ya juya ga filin bayan makaranta
inda yaranmu ke buga ƙwallo,
yana yi masa kallon da mahauci ke yi wa sa.

Littafina gida biyu gare shi, suna da adadi.
Kuɗin da ba shi da suna ba shi da wurin kwana.
A matakala ta arba'in na cim masa,
na danƙa masa kayansa,
gwiwata tana zagina har na dawo.

Kwana shida Wilber bai gaishe ni ba.
Ran na bakwai ya ce da mun ɗauki bas uku,
da mun sa wakili a kowane akwati, har da abincin rana.
Ban ce ƙarya yake ba.
Har yau in dare ya raba nakan auna kaurin nan da yatsu.

Bayan an sallami Teodosia da mai gas
dubu ɗaya da ɗari da arba'in suka rage.
Fenti bokiti biyu. Takardu. Bas ɗaya, ta tsofaffi.

Yanzu kullum muna bin ƙofa ƙofa.
Wasu su buɗe, wasu su saki kare.
Wata ta ce, "In ya hau, famfo zai hau?"
Na rasa amsa,
sai na juya littafin na rubuta tambayarta a baya.
Bayan ya kusa cin gaban.

Saura kwana goma sha tara.
Ƙaurin mai bai bar gashina ba.
Ɗazu aka ƙwanƙwasa,
matar Ccori ce, tana haki,
ta kwance bakin gyalenta:
sol takwas, duk tsaba, da ɗumin jikinta.
Ta tsaya a kaina sai da ta ga na cike layinta,
sannan ta ce in ba ta kujera.