Ɓawon Jatan Lande

Ruwan da ke fita ta bayan majemun Savar
ba ya ɗaukar hoton sama.
Da safe shuɗi-shuɗi, da yamma launin hanta,
ya gangara kogin Daleshwari a hankali
kamar wanda ya san laifinsa.

Shiuli Sikdar ta san warinsa tun ba ta san sunansa ba.
A tafin hannun mahaifinta ta fara karanta shi:
Mofiz, shekara ashirin da shida yana juya ƙirgi,
kuromiyam ya ci masa yatsu
har kai loma baki ya zama aiki.

Yanzu ga ta a ɗakin gwaji, bene na uku,
fanka na kuka, wuta na zuwa tana komawa.
Daga Kulna aka aiko mata buhu biyu:
ɓawon jatan lande, abin da ko kare ya raina.
Ta wanke, ta dafa, ta niƙa,
ta zare masa zaren da ke ɓoye a jikinsa,
polima, dogo, ba ya gajiya da ƙulli.
Ta dasa masa ƙugiyoyi waɗanda ido ba ya gani,
sannan ta ɗiga shi, ɗis, ɗis,
ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar carbin da ya tsinke.

Gwaji na farko, ƙwayoyin suka narke.
Na tara ma haka.
Tapan, mai wanke kwalabe, ya daina tambaya,
sai dai ya ajiye mata shayi ya wuce.

Ran wata Laraba, ana ruwan sama,
ta zuba dauɗar majema ta saman bututu.
Ƙwayoyin suka sha, suka rine, suka yi nauyi;
kowace ƙugiya ta cafke ɓarawonta.
Abin da ya ɗigo ta ƙasa
fari ne tas, har ta hango yatsanta ta cikinsa.

Ba ta yi guɗa ba.
Lita biyar ce a yini.
Kogi kuwa ba ya jiran awo.
Kuma ƙwayar da ta ƙoshi da guba, ina za a kai ta?
Sai a wanke ta da ruwan tsami,
a mayar wa masu majema ƙarfensu,
a sake tura ta aiki.

Da dare ta kai wa tsohon kwalba guda.
Ya riƙe ta da ragowar yatsunsa,
ya ɗaga ta saitin fitila, ya daɗe.
Ya ce, "Wannan namu ne?"
Ta ce, "Naku ne, Abba. An dai karɓe masa kaya."