Layar Thawin

Kwana ɗari da ƙona gawar Thawin
na sauke sarƙarsa daga ƙusar bango,
na ƙulle ta a bakin zane,
na hau jirgin ruwan safe
zuwa kasuwar layu da ke gaɓar Chao Phraya.
Bashin asibiti bai san takaba ba.

Ruwa ya kwana yana zuba.
Lungun kasuwar duk danshi da hayaƙin turare,
tebur na bin tebur,
ƙananan fuskokin yumɓu zaune a gidajen gilashi:
wannan ta ciniki, waccan ta sa'a,
ta can kuwa, in ji su, harsashi na kauce wa mai ita.
A nan ba a cewa saye, haya ake cewa,
wai abu mai tsarki ba ya zama mallakar kowa.
Wani sufi mai mayafi ruwan goro
ya wuce ni da lema a hannu, yana taka ruwa ba takalmi.

Tsoho Prasong ya maƙala ɗan madubi a ido,
ya juya layar, ya sake juyawa,
ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce.
Ya daɗe bai ɗago ba.
Ya ce, Lamyai, wa ya ba mijinki wannan?
Alli ne da siminti.
Inji ke buga irinta, dubu a yini,
a tsoma a ruwan shayi don ta yi kamar ta ga jiya.
Kuɗinta bai kai kwano biyu na taliyarki ba.

Albashin wata uku ya zuba mata,
har da rediyonsa.
An ce masa ta farin jini ce,
wai wani babban sufi ya yi mata tofi dare tara.
Shekara talatin da ɗaya tana bisa ƙirjinsa,
gumi ya cinye mata hanci.
Kan ya tada babur sai ya riƙe ta tsakanin tafukansa,
ya kai goshi, leɓe na motsi.

Mai i'ina ne, Thawin.
Sati shida yana zuwa rumfata,
ya nuna tukunya da yatsa, ya ci, ya biya, ya tafi,
ko tari bai taɓa yi mini ba.
Ranar da ya rataya layar ya zauna a bencin kusa,
ya kai cokali baki,
hawaye suka zubo masa sharkaf,
ya ce, ba-ba-barkonon ya yi yawa.
Na yi dariya har ludayi ya faɗa cikin romo.
Daga nan zance ya ɓalle
kamar kogin nan in damina ta kai tsakiya.

Har ya koma yana gaya wa abokansa:
kun ga aikin laya? Rana ɗaya tak!
Ni kuwa ban taɓa faɗa masa ba
cewa tun satin farko nake ƙara masa barkono,
yau tsunkule, gobe rabin cokali,
ina jiran ranar da bakin nan zai buɗe.
Ran nan haƙurina ne ya ƙare, na juye cokali uku.

To amma a jirgin komawa,
layar na dunƙule a tafina, ta ɗauki ɗumi,
sai na tsaya ina lissafi:
me ya sa ran nan, ba jiya ba, ba jibi ba?
Wa ya zunguri hannuna?
Kuma mutumin da ya saba haɗiye wuta shiru,
ina ya samo zuciyar yin ƙorafi?

Na tarar da jikana Thanawat a ƙofa,
ya goge riga, gobe zai je neman aiki a otal,
cinyarsa sai rawa take.
Na rataya masa sarƙar.
Ya ce, Kaka, me Prasong ya ce?
Na ce, ya ce kar a bari ta jiƙe.
Na hura wuta, na ɗora romo.
Bashin asibiti ya jira wani watan.