Ramuwar Allura

Hamsin da shida, shekarun da na yi a zaure,
Ƙafa a tanƙwashe, zare a yatsa a ɗaure,
Ina huda wuyan riga da tsinin allura.

Aska takwas na fitar, na zana tambari,
Ban taɓa tambayar yadi ba, baƙi ko fari,
Ko yana jin zafin abin da nake zura.

Talatar da ta wuce ta samu ranarta,
Tsohuwar ƙusa ce ta share mata hanyarta,
A bakin Ƙofar Doka, cikin tarin shara.

Jikana Sambo ya ɗora ni a kan babur,
Ni kuwa na zuba wa jinin ƙafata ido ƙur,
Har asibitin Ƙofar Gayan, muka hau bencin jira.

Sista Rifkatu, 'yar Wusasa, ta ce, "Baba,
Riga-kafi ne kawai, ka daina fargaba,
Hannun zai yi nauyi kwana biyu, sai ka lura."

Na ce, "'Yata, sana'armu ɗaya ni da ke,
Sai dai nawa yadin ba ya ihu in an soke."
Tana dariya, kafin in rufe baki ta tura.

Da la'asar damtse ya tasa kamar fanke,
Da isha zazzaɓi ya yi shimfiɗa ya miƙe,
Ina rawar ɗari a tsakiyar bazara.

Dije ta lulluɓe ni, bargo a kan bargo,
Tana mita: "Wa ya aike ka? Ga shi har ɓargo!"
Ta dama kunun tsamiya, na sha rabi na bar saura.

Gari na wayewa zaure ya cika da likitoci,
Ɗalhatu mai gyaran rediyo, Yero mahauci,
Ba mai takarda a cikinsu, kowa da shawara.

Wannan ya ce tafarnuwa, wancan ya ce zogale,
Yero ya rantse irin allurar ce ta kwantar da Sale,
Alhali hawan jini ne ya kada Sale tun bara.

Tagar ɗakina kuwa ta zama kemis sosai,
Man kifi, ƙwayar ƙashi, bitamin launin ƙosai,
Rakiya ke aikowa daga Kaduna, kullum tana ƙara.

Na haɗiye ta gwiwa, gwiwar ba ta sani ba,
Ta ido na sha wata uku, kafar allura ba ta buɗe ba,
Sai Sambo ya zo ya zura mini zaren, sannan in fara.

Ranar komawa na kwashe su duka a leda,
Fara da ja da mai kama da ƙwayar gyaɗa,
Na juye gaban likita, ya ƙirga, sun kai tara.

Ya ware uku: "Waɗannan da na hawan jininka
Ba sa ga maciji. Wancan kuɗi kawai yake ci maka.
Ci ganye, taka da ƙafa, rage sukari a fura."

Kwana na uku kumburin ya sauka da kansa,
Kowa a zaure ya ce ai aikin maganinsa,
Na bar musu musun, ni ba na cikin takara.

Tsufa riga ce da aka yanka mini ba awo,
Ta ɗame a gwiwa, a kafaɗa tana yawo,
Ba telan da zai karɓe ta ya ce zai gyara.

Yau na koma kan wuyan rigar Alhaji Nuhu,
Na ja tabarma bakin ƙofa don gudun duhu,
Damtsen na ɗan suka inda aka bar mini ishara.

Na ɗaga ta a haske, na ce, "To, kin rama,
Ke sau ɗaya tak, ni kuwa sau dubu nawa ma?"
Na shafa yadin tukuna, sannan na soka allura.