Minti Ashirin

Ran da muka kwashe gujiya a gonar bakin Gulbi
Ranau ya tura hannu ƙarƙashin harawa,
ya zaro shi da ɗigo biyu, kamar sukar ƙaya.
Bai yi ihu ba. Ya ce, "Igiyar ƙasa ce."
Kububuwa na cuɗa jikinta,
ƙara irin ta ruwa in ya faɗa cikin tafasasshen mai.
Yara suka ɗau sanduna. Na ce ku bar ta ta wuce,
sara ɗaya ya ishe mu yau.

Kawu Mantau ya iso da reza a naɗin hula,
da baƙin dutsen da ya gada, da tsumman ɗauri.
Na san tsumman nan.
Shi aka tamke wa Inna a cinya,
ƙafa ta koma gindin tukunya,
kwana uku ana tsaga ana tsotsa,
na huɗu aka auno likkafani.

Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba.
Hannunsa na kama.
"Kuluwa, sake ni."
Ban saka ba.

Zoben Ranau na fara zarewa
tun kumburi bai haɗiye shi ba,
sannan kambun damtse.
Karan dawa biyu, kallabina a sassauce,
hannu ya kwanta kamar na mai karaya.
Na ce kada ka taka ko taku ɗaya,
dafi matafiyi ne, motsinka ne guzurinsa.
Na dubi waya: huɗu saura kwata.
Na riƙe wannan kamar sunan yanka.

Ɗan-Jimma mai kabu-kabu a gaba,
Ranau a tsakiya, ni a baya na tallafe hannun.
Rairayin Jiratawa na kama taya
kamar mai bin mu bashi.
Amai ya taso, muka tsaya, muka kwantar da shi kan haƙarƙari.
Ya tofa yawu, ja.
Dasashinsa ya fara zuba.
Na ce Ɗan-Jimma, ga kwalta can.

A likitar Maradi manjo ba ta tambayi dangi ba.
Ƙarfe nawa? Wace iri? An tsaga? An ɗaure?
Na ce a'a, sau biyu,
ta ɗago ta dube ni.
Ta ja jini cikin 'yar kwalba, ta aje bakin taga:
minti ashirin, kada kowa ya taɓa.

Ban san minti na da ƙashi ba sai ran nan.

Ta karkata kwalbar,
jini ya gangaro kamar ruwan soɓorodo,
ya manta yadda ake daskarewa.
Aka rataya leda, aka zuba makarin dafi,
ɗigo, ɗigo.
Na aika gida a kai tunkiyata kasuwa
da ɗan da ke bin ta.

Da asuba wata kwalbar, wasu minti ashirin.
Aka kifa ta, jini ya tsaya cak.

Kawu ya kwana gindin bedi a ƙofar likita.
Ya ce a nuna masa kwalbar.
Ya juya ta, ya sake juyawa,
bai ce komai ba.
Ya zauna yana yanke farce da rezar.

Yatsan bai gama sacewa ba har yau.
Zoben na wuyana, a zare.