Fitila Ta Uku

A Rumde Ajiya, bayan isha'i,
fitila ta uku a akwatin intanet ta sake yin ja.
Muryar Dudu daga Marwa ta tsinke
a tsakiyar "Baba, likita ya ce..."

Na zare fulogi, na ƙirga goma, na mayar.
Na ɗauke akwatin daga bayan firiji,
na ɗora kan buhun gero, bakin taga.
Hamajoda ya ce katangar siminti ke shanye rezo,
Asta ta rantse yaran maƙwabta sun sace lambar sirri.

Na canza lambar. Na sa sunan marigayiya.

Kore. Ja. Kore.
Ga ni tsaye, waya a sama,
kamar mai roƙon ruwa,
ina jiran sauran maganar.