Takalmi Ruwan Ɗorawa

Juma'ar Ista, an rufe ofis,
ƙafata ce ba a ba ta hutu ba.
Na jera aikena a bayan takardar kuɗin wuta:
maganin hawan jinin Inna,
busasshen kifi mai gishiri daga kasuwar Setubal,
tayar baya da ke sacewa tun watan jiya,
da wandon Duarte, wanda tela ya ce gobe har sau huɗu.

Mata goma na tarar a layin mai kifi.
Dona Zulmira na ɗaga kowane ɓari tana shinshinawa
kamar mai zaɓen suruki.
Ƙararrawar coci ta buga sha ɗaya, ta buga sha biyu.
Da layi ya zo kaina wutsiya ta rage,
na kuma biya kuɗin tsoka.

Asabar ta dangi ce.
Muka haye gadar Tejo da sanyin safiya,
ledoji har wuya, yaro a baya yana ƙirga jiragen ruwa.
Gwaggo Graciete na hawa na biyar, lif ya lalace.
Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na rame.
Bara cewa ta yi na yi ƙiba.
Ta tambayi lafiyar Amandio,
sai ka ce ba ita ta yi wa labarin rabuwarmu ƙafa ba.
Na gutsuri burodin Ista mai ƙwai a tsakiya,
na haɗiye amsata tare da shi.

Daga nan sai gidan tsofaffi, wajen Baba.
Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu,
na amsa.
Ya riƙe hannun jikansa yana tambayar ɗan wa ne.
Na ɓare masa lemo,
ya ce bai kai na gonarsu zaƙi ba.
Wannan kam bai manta ba.

A mota na kifa goshi kan sitiyari.
"Mama, barci kike?"
Na ce e.

Saura kwata a rufe kantuna
na hango shi ta gilashi, shi kaɗai a kan katako,
takalmi ruwan ɗorawa, mai ɗan tsini,
irin wanda ba ya zuwa asibiti,
ba ya bin layin kifi.
Ba ya cikin takardata. Na duba ma don in tabbata.
Yarinyar kantin ta durƙusa ta ɗaura min maɗauri,
ta ce taka mu gani.
Na taka zuwa madubi, na dawo, na sake komawa,
wani abu da ya tokare min ƙirji tun safe
ya ɗan matsa gefe.
Kuɗin taya ne. Na ce taya ta ƙara haƙuri.
Duarte ya samu ƙwan cakulan, ladan rufe baki.

Lahadi, mu goma sha ɗaya a teburin mutum shida,
gasasshen ɗan rago, dankali, gardamar ƙwallo,
kujerar Baba an ɗora mata tukunya.
Cokalin Inna ya faɗi, ta sunkuya,
ta daɗe a ƙarƙashin tebur.
"Nawa?"
Na faɗi rabin kuɗin.
"Ƙarya kike. Cire in gani."
Shekara saba'in da uku, ƙafa a kumbure,
ta tura, ta tura, ya shiga.
Ta miƙe ta ɗauko kwanon zaƙi daga kicin,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
tana dariyar da rabona da ji tun kafin a kai Baba.

Litinin da asuba taya ta kwanta.
Na tsaya na dube ta, ban ce komai ba.
Bas na bakwai saura yana can gangare,
ƙafata ta fara tsiro kanta a dunduniya,
na bi shi da gudu, da ruwan ɗorawata.